Ranar da Na Bar Surukina Ya Fasa Mini Hanya

Duk faɗin London, daga Barking har inda jirgin District yake juyawa, babu Bahaushen da ya san dusar ƙanƙara kamar ni. Ni ne mutumin da ya fasa hanya a kan dutsen Scotland, ƙanƙara har wuya, iska tana tsinke gashin baki, na goyo tsoho na sauko da shi, Turawa sun yi layi suna tafi. Haka kuka ji labarin tun kuna rarrafe, ke Ladi da kai Yohanna, kuma kowace Kirsimeti ƙanƙarar tana ƙara kamu ɗaya. Bara da na ce ta shanye rufin mota, Yohanna ko ɗaga kai bai yi daga faranti ba ya ce, “Dad, last year it was your neck.” To, tunda kun fara riƙe ma'auni, gara in zauna in rubuta muku yadda abin ya faru, kafin uwarku ta riga ni.

A lokacin ina aikin duba tikiti a wata tashar tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina zaune a wani ɗaki a Barking wanda in zan miƙe ƙafa sai na buɗe ƙofa. Karatu na zo yi, karatun ya ji sanyi ya koma gida ya bar ni. Uwarku Saratu tana aikin nas, kullum da safe sai ta bi ta ƙofata da tikitinta a hannu, ni kuwa in karɓa in duba gaba da baya kamar takardar gado, don dai ta ƙara tsayuwa kaɗan. Wata shida ina duba tikitin nan kafin ta ce mini da Hausa, “Malam, in ka gama haddace shi ka ba ni.” Ban san tana jin Hausa ba. Na kusa haɗiye usur ɗina. Shekara ba ta zagayo ba muka daidaita tsakaninmu, ya rage saura mutum ɗaya, wato kakanku, Baba Dauda.

Ku kun san shi da sanda da kujerar nan ta kusa da hita. Ni na san shi a tsaye. Mutumin Pankshin ne, tsohon soja, a nan kuma yana tura gadajen marasa lafiya a asibiti, ya ba shekara sittin baya amma in yana tafiya sai ka yi gudu-gudu ka cim masa. Gidansu irin na Barking ne, masu manne da juna kamar haƙora. Ranar da na fara shiga falon, na durƙusa ina gaisuwa, idona ya faɗa kan wasu abubuwa huɗu a jikin bango, dogaye kamar faifan da aka ja shi ya miƙe, itace ne aka lanƙwasa aka saƙe cikinsa da tsirkiyar fata. Wani likita ɗan Kanada da suka yi aiki tare ya bar masa su. Ana ɗaura su a ƙarƙashin takalmi don kada mutum ya nutse cikin dusar ƙanƙara, Baba kuwa ya raɗa musu faifan ƙafa. An haife shi cikin duwatsu, London ta kwanta masa shafal kamar tabarma, saboda haka duk hunturu sai ya ɗauki hutu ya yi arewa ya nemi abin hawa. Kakarku Mama Rifkatu ba ta taɓa yafe wa abubuwan nan ba.

“Mutane suna rataye hoton 'ya'yansu a bango,” in ji ta, “shi rariya ya rataye. Bulus, ci tuwonka, kada ka biye masa.”

“Ɗan ina ne shi?” Baba ya tambayi Saratu, ina zaune a gabansa.

“Malumfashi, Baba.”

“Ƙasar da in akuya ta hau suri sai a ce ta ɓata a sama.” Ya dube ni tun daga kai har ƙafa. “Ni ba na ba da 'ya ga mutumin da ban yi tafiya da shi ba. In ƙanƙara ta sauka za mu je arewa, ni da kai. In mun dawo ka turo manyanka, ko kuma kada ka turo.”

A bakin ƙofa Saratu ta raɗa mini cewa ba wasa yake ba. Akwai wani lauya da ya riga ni, aka tafi da shi, aka dawo, ba a ƙara ambaton sunansa a gidan ba. Ita kuma ta riga ta gaya mini tun farko, duk son da take mini ba za ta tsallake maganar ubanta ba.

Na kai kukana wurin Isaka, abokina Bagane ɗan zangon Kumasi, mai wata tsohuwar motar ɗaukar kaya wadda ba ta tashi sai an roƙe ta. Isaka ya yi aure sau biyu, don haka duk Barking shi ne malamin surukai. Ya tsoma burodi cikin shayi ya ce da Hausarsa ta zango:

“Masa, yarinya ya so ka, wannan ya kare. Tsofo ne kofa. Duwatsu duk karya ne, ladabi yake dubawa. Lauya nan na san shi, gaba-gaba yake yi kaman shi ya haifi hanya. Kai kar ka ci abinci gabansa, kar ka zauna kafin shi, kuma ko wuta ya kama hanya kar ka wuce gabansa. Zai gwada ka. Zai tsaya ya ce wuce. Kar ka wuce.”

Maganar ta zauna mini daram, don da ma haka aka rene ni. A ƙauyenmu in ka hango surukinka a hanya, ratsewa kake yi cikin gona ka tuɓe takalmi ka tsuguna har ya yi nisa. Ƙanen babana ya taɓa yini a bayan rumbu don surukarsa ta zauna shan inuwa a ƙofar gida. Mutumin da ya fito daga irin wannan gida, wa zai koya masa bin bayan babba?

A shekarar ƙanƙara ta sauko har London. Na tashi wata safiya na ji garin ya yi tsit, kamar an ɗauke shi da dare an ajiye wani a madadinsa. Motoci sun zama tudun gari, kwandunan shara sun sa farar hula, jiragen ma aka yi cancel ɗinsu. Baba ya aiko a kira ni filin shaƙatawa na unguwa, ya ɗaura mini faifan nan, na yi taku uku na taka na hagu da na dama na kifa. Sai da na kifa sau goma sha ɗaya, a wani lissafin arba'in, kafin na gane ana buɗe ƙafa ne kamar mai sabon kaciya. Da na fara tafiya sai ya tsaya ya karanta mini dokokin hanya, yana lissafawa da yatsa. Kada ka taka wutsiyar faifan na gabanka. In ka ga layi biyu siraran da masu wasan sulu a kan ƙanƙara suka bari, kada ka tattake musu, ka bi gefe. Mai saukowa shi ke ba mai hawa hanya. Sannan babbar doka: na gaba shi ke fasa sabuwar ƙanƙara, in ya gaji sai ya ratse gefe, na baya ya wuce ya karɓa, haka ake juyawa har a isa. Na ce, “To, Baba.” Na ji sarai, kada in yi muku ƙarya. Amma a zuciyata na ce, ga tarkon da Isaka ya faɗa, har an fara haƙa shi.

Isaka ne ya kai mu. Muka yini cur muna tafiya, gari yana ƙarewa wani yana farawa, har gidaje suka gaji suka bar mu da tumaki. Muka kwana a wani masauki a gindin duwatsu. Shirin Baba shi ne mu hau ta wannan gefe, mu bi ta cikin daji mu ƙetare wata 'yar ƙofa tsakanin duwatsu biyu, mu gangara ɗaya gefen inda Isaka zai zagaya ya jira mu a bakin titi. Da safe Baba ya yi masa tayin ko zai taka kaɗan.

“Baba, ni Allah bai aike ni sama ba,” in ji Isaka, ya rungume fulas ɗinsa ya ɗaga gilashi.

Yanzu ga wurin da nake so ku karanta a hankali, don ko a Kirsimeti ban taɓa ƙara masa gishiri ba, bai buƙata. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin safiyar nan ba. An kwana ana zuba ƙanƙara, ba sawun kowa, ko na tsuntsu. Itatuwan dajin dogaye ne masu tsini, kowane reshe ya ɗauki kaya ya sunkuya kamar mata sun dawo daga rafi. Ba iska, ba ƙara, sai shuu, shuu, na faifan Baba a gabana da numfashina yana fita fari yana tsayawa a iska kamar yana jiran in ba shi saƙo. Baba yana gaba, yana barin mini wata hanya lafiyayya, dannanniya, daidai faɗin ƙafata, ni kuwa ina bi kamar a kan katifa. Sai hankalina ya tashi ya bar ni. Na ga kasuwar auduga ta Funtuwa lokacin ina yaro, tulin kaɗa ya fi soro, muna hawa muna faɗowa masu gadi suna korarmu. Na ga uwata tana tankaɗe garin dawa, farin ya hau mata gira. Na ga kamar duk audugar da aka taɓa nomawa a ƙasar Katsina nan aka kawo ta aka shanya, an ce Bulus ya zo ya duba. Rana ta leƙo ta tsakanin itatuwa, ƙasa ta ɗauki ƙyalli kamar an watsa gishiri a kan madubi. Na shiga shirya biki. Na zaɓi yadin da Saratu za ta sa, na gayyaci mutane, na zaunar da su, na raba musu shinkafa, har na raɗa wa 'ya'ya suna. Ke Ladi, a cikin dajin nan aka sa miki suna, shekara uku kafin ki zo.

Ina cikin raba shinkafa na ga Baba ya ratse gefe ya tsaya, ya dogara da sandunansa, ya nuna mini gaba da haɓa. Na yi murmushi a ciki. Ga shi, ya zo. Na tsaya cak, na cire hula duk da sanyin da ke yanka kunne, na sunkuyar da kai.

“Baba, a wuce.”

“Karɓi gaba.”

“Wane ni, Baba. Ina bayanka.”

Ya dube ni ɗan lokaci. Ya koma kan hanya ya ci gaba. Na mayar da hula ina jin kamar na ci jarrabawar farko da lamba ɗaya. Ashe shi ma da tasa kunyar. Tsohon soja, mutumin Pankshin, ba zai buɗe baki ya ce wa mai neman 'yarsa “na gaji” ba ko da ƙafa za ta cire. Ya faɗi doka sau ɗaya a Barking, a wurinsa magana ta ƙare. Sau huɗu yana ratsewa a safiyar nan. Sau huɗu ina cire hula. A na uku har na ƙara da ɗan rusunawa, abin da ba shi da sauƙi in kana da faifai a ƙafa. Na lura hularsa tana hayaƙi kamar tukunyar ɗanwake, na ce a raina, kai, tsohon nan akwai jini a jika. Na lura ya fara jan ƙafar dama, na ce salon sojoji ne. Ni ko gumi ban yi ba, har ina mamakin yadda mutane suke cewa hawan dutse da wuya.

Safar hannu ce ta tona mini asiri. Mun fito daga cikin itatuwa, ƙofar duwatsun tana can sama gabanmu, Baba ya cire safa zai share fuska, 'yar iska ta ɗauke ta ta ajiye can gefe, bai fi taku goma ba. Na ce ga damar nuna ladabi, na yi tsalle na bar hanya. Taku na farko na nutse har gwiwa, da faifan da komai. Na ɗaga ƙafa, ƙanƙara ta hau kan faifan ta zauna kamar buhun masara. Na ciro ta da ƙyar na dasa, ɗayar ta nutse. Kafin in kai ga safar nan na ji zuciyata tana daka a cikin kunne, cinyoyina suna rawa, bakina ya bushe. Taku goma. Na tsaya da safa a hannu na waiwaya, na ga hanyar da muka biyo ta miƙe ta gangara ta shige daji har inda ido ya ƙare, kowane taku nata tsoho ne ya haƙa shi da ƙafarsa, awa huɗu, ni ina baya ina raba shinkafa.

Da na dawo na tarar ya zauna a kan wani dutse, ya miƙe ƙafar dama, ya riƙe gwiwar da hannu biyu. Fuskarsa ta yi toka-toka. Komawa baya ya yi nisa, gaba ce kusa, kuma gaban ba a fasa ba. Ban san ko za ku gane ba, ku da kuke ce wa kakanku “hi”, amma abin da na yi bayan nan ya fi mini nauyi a kan ƙanƙarar. Hanyar siririya ce, dutsen da ya zauna a kai yana bakinta, ba yadda zan wuce sai na gifta ta gabansa, kafaɗata tana gogar tasa, da takalmi a ƙafata, in juya masa ƙeya. Na ji kamar duk tsofaffin ƙauyenmu sun fito sun jeru a kan dutsen suna kallona. Kuma har lokacin wani ɓangare na zuciyata yana cewa, in ka wuce ka faɗi, ka rasa Saratu. Na miƙa masa safarsa.

“Baba, a gafarce ni, zan wuce.”

“Tun safe nake gafarta maka,” in ji shi. “Wuce.”

Taku ɗari uku da arba'in ne daga nan zuwa ƙofar duwatsun. Na ƙirga su, don ba ni da abin riƙewa sai ƙirgar. Nakan fasa ashirin, in dawo in ba shi kafaɗa ya dafa, mu taka su tare, in sake yin gaba. Ban goya shi ba, ko na ce zan goya shi da sandar zai rotsa mini kai. Da muka kai sama na ga ɗaya gefen duniya ya buɗe, fari har ƙarshen sama, wani tafki a can ƙasa baƙi wuluk kamar idon saniya, na tsaya ina haki ina hawaye, hawayen suna daskarewa. Daga nan kuma hanya a fashe take, wasu sun riga sun hawo ta wancan gefe. Turawan da na ce sun yi layi suna tafi, wata tsohuwa ce guda ɗaya da karenta, muka ratse muka ba ta hanya don ita ke hawa. Ba ta tafa ba. Karen dai ya yi haushi.

Isaka ya hango mu ya fito da gudu, ya kama Baba muka sa shi a mota. Da ya zagayo ya raɗa mini, “Ka wuce gabansa?” Na ce na wuce. Ya dafe kai. Daga nan har London ba wanda ya yi magana sai motar.

Gwiwar ba ta koma daidai ba. Dama tana da tsohon ciwo tun na soja, ranar nan ta ƙarasa. Aka yi masa aiki, ya bar tura gadaje, bai ƙara hawa wani dutse ba har ya koma ga Ubangiji. Wannan sandar da kuka san shi da ita, da kuke wasan doki da ita a falo, ni na ba shi, da ladabina. Na daɗe ina ba da labarin nan da dariya don in na cire dariyar abin da ke saura ba ya haɗiyuwa. Shi bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama. Ni na faɗa wa Saratu da bakina, a tashar, ina riƙe da tikitinta.

“Awa huɗu?” ta ce. “Bulus, four hours? Kana bayansa kana me?”

“Ina girmama shi.”

Ta karɓe tikitinta ta wuce. Mako uku tana bi ta ɗaya ƙofar, wurin wani abokin aikina da ko kallon tikiti ba ya yi. Na rame har wandon aiki yana zamewa. Na fara tambayar kuɗin jirgin komawa gida.

Ran wata Lahadi bayan an taso daga coci, Mama Rifkatu ta tare ni a bakin ƙofa ta ce Baba yana nemana. Na tafi kamar mai zuwa karɓar hukunci. Na same shi a falo, ƙafar a miƙe kan matashi, naɗe da bandeji. Saratu tana tsaye a ƙofar kicin ta harɗe hannu. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa, na fara jawabin ban haƙurin da na kwana bakwai ina shiryawa. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

“Lauyan nan,” in ji shi, “ya karɓi gaba tun a gindin dutse, bai waiwayo ba sai a sama. Da na faɗi a hanya sai a jarida zai gani. Kai ka yi wauta awa huɗu, amma da ka gane, ashirin-ashirin kake yi kana dawowa. Na ƙirga.” Ya gyara ƙafar, ya ɗan cije leɓe. “Ka turo manyanka.”

Mama ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka buga bango. Saratu ta juya ta shige kicin, amma na ga kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa da na ji ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafata, sai halin ya motsa. Na ɗago kai na ce ai Baba, in aka duba, wurin da na fasa shi ne mafi wuya a duk dutsen, ƙanƙarar wurin ta kai ƙugu.

Ya dube ni yadda ya dube ni a dajin.

“Bulus, ba don fasa hanya na ba ka ita ba. Saratu tun tana rarrafe ita ke gaba a gidan nan. Mai bin baya take buƙata, kuma na yi soja shekara ashirin ban ga wanda ya kai ka iyawa ba.”